Tikiti Mai Zane da Ikon Bakin Ƙofa: Masu Sarauta da Makaɗa a Landan, 1672 zuwa 1813

Tsakure

Wannan takarda ta dubi tikitocin shiga taron kiɗa waɗanda ake bugawa daga farantin jan ƙarfe a Landan cikin ƙarni na 18, ta nemi sanin abin da suke shaidawa game da zaman makaɗi da ubangidansa. Ra'ayin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa bayyanar tikiti ta 'yantar da makaɗi daga bautar fada ta miƙa shi ga kasuwa. Hujjar takardar ita ce masu sarauta sun sauke nauyin ciyar da makaɗi, amma sun riƙe ikon cewa wane zai shiga zaure, kuma zanen da ke kan tikitin yana daga cikin abubuwan da suka sa wannan tsari ya zauna ba tare da kowa ya ji kunya ba.

Gabatarwa



A sashen zane-zane na Gidan Tarihin Birtaniya akwai tarin wasu takardu da galibinsu ba su fi tafin hannu girma sosai ba. A kan ɗaya za ka ga Apollo riƙe da abin kiɗansa mai tsirkiya, a kan wata Orpheus, a kan wata jarirai masu fukafukai suna buɗe littafin waƙa a cikin gajimare. Can ƙasa akwai ɗan gajeren rubutu da ke cewa an yi wannan ne domin amfanin wane. A kusurwar hagu sunan wanda ya zana, a ta dama sunan wanda ya sassaƙa a ƙarfe. Da yawa daga cikinsu ba su ɗauke da farashi, wasu ma ba su ɗauke da rana ko wuri. Amma tikitoci ne, da su ake shiga zauren kiɗa, kuma kuɗinsu ya kai abin da lebura zai samu a mako guda.

Tambayar da ta sa na rubuta wannan takarda ita ce: me ya sa mutum zai nemi fitaccen mai zane da fitaccen masassaƙi su yi aiki a kan takardar da mai gadi zai karɓe a bakin ƙofa? Injin buga haruffa yana nan, ya fi sauri, ya fi araha. Wanda ya zaɓi hanya mai tsada yana da dalili, kuma dalilin yana cikin yadda ake tallafa wa kiɗa a Ingila ta wancan lokaci.

Yadda kiɗa ya samu ƙofa

A ƙarshen Disamba 1672 wani mai gogen Turawa, John Banister, wanda ya taɓa jagorantar makaɗan Sarki Charles II kafin a sauke shi, ya sa talla a jarida cewa za a riƙa kiɗa a gidansa da ke Whitefriars, duk mai sule ɗaya ya shigo. Masana tarihi kan ɗauki wannan a matsayin farkon taron kiɗa na biya-ka-shiga a Landan. Shekara shida bayan haka Thomas Britton, mai tallan gawayi a Clerkenwell, ya buɗe nasa a benen da ke saman rumbun gawayinsa, ya ci gaba har rasuwarsa a 1714, kuma an ruwaito har matan manyan gidaje suna hawa matsattsen tsaninsa.

Abin da ya sa hakan ya fara a Ingila sananne ne. Bayan yaƙin basasa da juyin 1688, Majalisa ce ke riƙe da jakar kuɗi, fadar sarki ba ta da ƙarfin ɗaukar makaɗa yadda ɗaruruwan ƙananan fadojin Jamus da Italiya ke yi. Masu sarautar Ingila kuwa, duk da dukiyarsu ta fi ta yawancin waɗancan sarakuna, ba kasafai suke ajiye ƙungiyar makaɗa a gida ba. James Brydges, wanda ya zama Duke na Chandos, ya yi haka a gidansa na Cannons, inda makaɗi Handel ya zauna wajen 1717 zuwa 1718, amma irinsa ba su da yawa a cikin takwarorinsa, kuma dukiyarsa ta girgiza a rugujewar hannayen jarin 1720.

Hanyar da suka fi so ita ce haɗa hannu. A 1719 wasu gungun masu sarauta suka kafa kamfanin wasan opera mai suna Royal Academy of Music, hannun jari ɗaya fam 200, Sarki George I ya yi alkawarin fam 1,000 a shekara, aka ɗauki Handel ya kula da kiɗa. Kamfanin ya durƙushe a 1728. A 1733 wani ɓangaren masu sarauta, da goyon bayan Yarima Frederick wanda ba ya ga-maciji da mahaifinsa, suka kafa kamfanin kishiya ga wanda Handel ya ci gaba da shi, suka janye mawaƙansa, har suka kawo mawaƙi Farinelli. Kafin ƙarshen 1737 kamfanonin biyu sun ƙarar da juna. Darasin da masu sarauta suka ɗauka daga wannan asara, a ganina, shi ne da wuya su sake yarda dukiyarsu ta zama jinginar sana'ar wani. Za su sayi kujera, za su ba da suna, za su yi kyauta idan sun ga dama. Ribar kaka da asararta kuwa makaɗi ne zai ɗauka a kansa.

Aikin faranti

Kafin a yi maganar ma'anar tikitin, ya kamata a san wahalar yin sa. Ana goge farantin jan ƙarfe har ya yi sheƙi, a shafe shi da wani irin kaki mai jure asid, a ja zanen da allura ta yadda ƙarfen zai bayyana a bin layin, sannan a tsoma shi cikin ruwan asid ya ci wuraren da aka buɗe. Bayan haka masassaƙi ya bi da ɗan ƙarfe mai kaifin baki yana zurfafa layuka yana gyara inuwa. Komai a juye ake yin sa, har rubutun, domin ya fito daidai a takarda. Wajen bugawa, a cusa tawada cikin ramukan, a share saman farantin da ƙyalle sannan da tafin hannu, a ɗora takarda mai danshi, a murza ta tsakanin manyan gungume biyu na injin matsi. Kowane kwafi ɗaya sai an maimaita wannan duka. Matsin yana barin shatar gefen faranti a jikin takardar, kuma jan ƙarfe yana cinyewa a hankali, shi ya sa kwafin farko-farko ya fi kaifi.

Dalili na farko na zaɓar wannan hanya shi ne tsaro. Duk mai maɗaba'a zai iya kwaikwayon haruffa, amma kwaikwayon hannun ƙwararren masassaƙi sai wani ƙwararren. Saboda haka ne bankuna suka bi hanya ɗaya wajen buga takardun kuɗi. Ana ƙara wa tikitin lamba da alƙalami, mai taron ya sa hannu, wani lokaci ya ɗiga jan kaki ya buga hatiminsa. Sai dai tsaro kaɗai ba ya buƙatar Apollo, kuma ba ya buƙatar mutane irin Giovanni Battista Cipriani da Francesco Bartolozzi.

Su biyun 'yan Florence ne, abokai tun ƙuruciya. Cipriani ya iso Landan a 1755, shi ne ya yi zanen da ke jikin keken dokin zinariya na Sarki George III wanda har yau ake fitowa da shi a manyan bukukuwan sarauta. Bartolozzi ya biyo baya a 1764 bisa gayyatar Richard Dalton, mai kula da ɗakin karatun sarki, aka naɗa shi masassaƙin sarki. Da aka kafa makarantar masu zane ta Royal Academy a 1768 dukansu suna cikin waɗanda aka fara da su, duk da dokar wurin ba ta ba masassaƙan faranti cikakkiyar kujera ba. Sai aka shigar da Bartolozzi da sunan mai zanen fenti. Takardar shaidar da ake ba membobin wannan makaranta ma Cipriani ne ya zana ta, Bartolozzi ya sassaƙa. Wato wanda ya karɓi tikiti daga hannun waɗannan mutane ya karɓi aikin hannun da ya ƙawata keken sarki. Su ne kuma suka yi katin liyafar John Wilkes lokacin yana magajin garin Landan a 1775, da na rawar da aka yi a Ranelagh bayan tseren kwale-kwale na watan Yunin shekarar.

Ajo irin na Landan

Mafi yawan tikitocin da suka fi kyau an yi su ne domin wani irin taro da Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayaninsa, domin ajo ne. Sau ɗaya a shekara, galibi tsakanin Afrilu da Mayu kafin manya su watse zuwa gidajensu na ƙauye, makaɗi zai kama zaure, abokan sana'arsa su zo su taya shi, abin da ya rage bayan an fitar da kuɗin zaure da kyandir da talla ya zama nasa. Bambancin da na gani ya fi muhimmanci shi ne wannan: a ajonmu sanƙira ne ke shelanta sunan wanda ya yi kari da adadin abin da ya bayar, mai bayarwa ya ji daɗi, mai karɓa ya yi godiya a bainar jama'a. A Landan ta ƙarni na 18 ambaton kuɗi tsakanin mutumin kirki da wanda yake tallafa wa abin kunya ne ga su biyun. Ana so kuɗin su wuce daga hannu zuwa hannu ba tare da an ga kamar ciniki aka yi ba.

Ga yadda abin yake gudana. Tallar jarida kan ce ana samun tikiti a masaukin wane, a titi kaza, ko a wani gidan shan gahawa. Amma manyan masu saye ba sa zuwa masaukin kowa. Makaɗin ne ke bin gidajensu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a zaure tare da masu kawo kaya, ya jira a ce ya shigo ko a ce uwargida ba ta nan. Farashin da aka saba shi ne rabin gini, wato sule goma da sisi. Ubangidan kirki zai karɓi tikiti da yawa ya raba wa mutanensa, ya kuma biya fiye da farashi. A irin wannan tsayuwa ta bakin ƙofa ne zanen ke yin aikinsa. Mutumin da ya miƙa takarda mai haruffa zalla da farashi a jiki ya zo talla. Wanda ya miƙa ɗan ƙaramin aikin Bartolozzi ya kawo tsaraba, abin da za a mayar masa kuma sai ya zama tukuici. Ina ganin wannan ne ya sa farashi ba ya bayyana a kan da yawa daga cikinsu, ko da yake akwai dalili na biyu mai sauƙi: faranti marar rana ana iya sake amfani da shi baɗi.

Ya kamata a lura da abin da ake zanawa. Da wuya ka ga fuskar makaɗin, ko zauren, ko jama'ar da za su zauna a ciki. Allolin Girkawa da Rumawa ake kawowa, waɗanda ɗan babban gida ya karanta labarinsu a makaranta ya kuma ga gumakansu a yawon da samarin masu sarauta kan yi zuwa Italiya. Zanen yana magana da yaren mai saye. Yana gaya masa cewa shi ma'abocin ɗanɗano ne, magajin mutanen da, kuma daren da zai je ya fi ƙarfin nishaɗi kawai.

Wanda sunansa ya fi yawa a kan waɗannan tikitoci shi ne Felice Giardini, mai goge ɗan Turin da ya iso Landan wajen 1750. Cipriani da Bartolozzi sun yi masa faranti da dama, kuma Andrew Tuer, wanda ya rubuta littafi kan Bartolozzi a farkon shekarun 1880, ya nuna cewa irin wannan aiki sau da yawa kyauta ce tsakanin 'yan ƙasa ɗaya da ke zaman baƙunta. Wannan ya ƙara wani abu a lissafin: tallafi na farko da makaɗin ke samu daga ɗan'uwansa mai sana'a yake fitowa, kafin mai sarauta ya buɗe jaka. Marubuci Charles Burney ya ba da labarin uwar ɗakin Giardini, Misis Fox Lane, wadda ke shirya kiɗa a gidanta ga zaɓaɓɓun baƙi. Idan ajon ɗaya daga cikin makaɗanta ya ƙarato sai ta bi baƙin nan tana karɓar gini biyar-biyar, ba mai iya cewa a'a domin kowa na son a sake gayyatarsa. Duk da wannan gata, Giardini ya yi asara a duk lokacin da ya ɗauki ragamar gidan opera da kansa, ya bar Ingila a 1784, ya dawo bai samu karɓuwa ba, ya rasu a Mosko a 1796 cikin talauci.

Labarin iyalin Mozart ya nuna saurin juyawar abin. Sun iso Landan a Afrilu 1764, yaron yana da shekara takwas. Mahaifinsa Leopold ya sa ranar taronsu 5 ga Yuni, kashegarin ranar haihuwar sarki, domin ya san duk manya suna gari. Tikiti rabin gini, ana samu a masaukinsu a gidan wani wanzami a Cecil Court, kuma Leopold ya rubuta wa gida cewa ya tara gini 100 cikin awa uku. A Mayun 1765 farashin ya sauko zuwa sule biyar. A Yuli yaran suna kiɗa kullum a wata mashaya da ke Cornhill, cikin unguwar 'yan kasuwa, a kan sule biyu da sisi. Hannun yaron bai ragu ba a cikin shekara guda. Idon manya ne ya koma wani wuri, farashin ya bi shi.

Masu riƙe da jerin sunaye

Ajo dare ɗaya ne. Ginshiƙin harkar shi ne jerin tarukan kaka, inda ake biyan kuɗin dukkan darare tun farko. A nan ne ikon bakin ƙofa ya fi fitowa fili.

Teresa Cornelys, mawaƙiya 'yar Venice, ta kama gidan Carlisle House a dandalin Soho a 1760, da taimakon Elizabeth Chudleigh da wasu matan fada, ta mai da shi wurin haɗuwar manya. A can ne a Janairu 1765 Johann Christian Bach, autan 'ya'yan Johann Sebastian maza kuma malamin kiɗan Sarauniya Charlotte, da abokinsa Carl Friedrich Abel suka fara jerin tarukansu, waɗanda suka koma zauren Almack a 1768, sannan sabon zauren Hanover Square a 1775. Kamar yadda Simon McVeigh ya nuna a nazarinsa na 1993, kuɗi kaɗai ba ya sayen kujera a waɗannan taruka. Wasu matan masu sarauta ne ke riƙe da jerin sunaye, sai ɗaya daga cikinsu ta rubuta ka sannan a karɓi kuɗinka. Attajirin da ya yi arziki a cinikin sukari ko tufafi yana iya fin mijin uwargidan dukiya, amma sai ya nemi alfarmarta. Kuɗin kaka gini biyar ne, abin da ya kusa albashin shekara na 'yar aikin gida. A tallace-tallacen irin waɗannan taruka akan bambanta launin tikitin mata da na maza, a kuma ce mace ce kawai za ta iya aron na mace, namiji na namiji, domin kada tikiti ya yi yawo har ya faɗa hannun da ba a so.

Ba na son in nuna kamar ko'ina haka yake. Lambun Vauxhall, wanda Jonathan Tyers ya farfaɗo da shi a 1732, sule ɗaya ne kuɗin shigarsa, kuma magatakarda da ɗan tireda suna jin kiɗan Handel da Arne a can. Amma ko a wannan wuri an ware masu tikitin azurfa na kaka, mai ɗauke da zane a fuska ɗaya da sunan mai shi a ɗaya fuskar, Yarima Frederick kuma yana da rumfarsa ta musamman. Mai zane William Hogarth ya samu na zinariya, na har abada.

Inda masu sarauta suka wuce ƙofa suka shiga har cikin abin da za a kaɗa shi ne ƙungiyar Concert of Antient Music, wadda Earl na Sandwich da abokansa suka kafa a 1776. Dokarta ita ce ba a kaɗa abin da bai kai shekara ashirin da rubutawa ba, kuma daraktocin, dukansu manya, su ne ke zaɓar kiɗan kowane dare bi da bi. Daga cikin mutanen wannan da'ira aka shirya bikin tunawa da Handel a cocin Westminster da zauren Pantheon, daga 26 ga Mayu zuwa 5 ga Yuni 1784. Makaɗa da mawaƙa sun haura 500, tikiti gini ɗaya, an roƙi mata su zo ba hula ba gashin tsuntsu kuma su rage faɗin siket domin wuri ya isa. An yi wa ranakun tikitoci daban-daban daga hannun masu zane daban-daban, ciki har da Cipriani da Bartolozzi, Burney kuma ya sa hotunansu a littafin da ya wallafa kan bikin a 1785. Daga ribar an ba asusun tallafa wa gajiyayyun makaɗa fam 6,000, asibitin Westminster fam 1,000. Wannan alheri ne na gaske, kuma iyalan makaɗa da yawa sun ci moriyarsa. Manazarci William Weber ya jawo hankali ga lokacin da aka yi bikin: shekara guda bayan Ingila ta amince da rasa Amurka, kuma a tsakiyar rikicin siyasa tsakanin sarki da Majalisa. Sarki da manyan ƙasa sun zauna a coci ɗaya ƙarƙashin kiɗan mutumin da ya rasu tun 1759, suna nuna wa ƙasa cewa tsarin yana nan daram. Daga 1785 George III ya riƙa halartar tarukan ƙungiyar da kansa. Makaɗin da ke raye yana rubuta sabon abu ba shi da rabo a wannan tsari, kuma ina ganin nan ne babban tsadar da ikon masu sarauta ya jawo wa kiɗan Ingila.

Wa ya ɗauki asara

A duba ƙarshen mutanen da aka ambata. Cornelys ta karye a 1772, ta rasu a kurkukun masu bashi na Fleet a 1797. Bach ya rasu ranar 1 ga Janairu 1782 da bashi mai nauyi, bayan jama'ar tarukansa sun ragu duk da kuɗin da Earl na Abingdon ya riƙa zubawa. Sai da sarauniya ta taimaka wa matarsa da guzurin komawa Italiya. Na Giardini mun ji.

A kwatanta da Joseph Haydn. Yarjejeniyar da ya sa wa hannu da gidan Esterházy a 1761 ta wajabta masa sa tufafin ma'aikatan gida, ya bayyana kullum ya ji ko yarima na son kiɗa, ya kuma hana kowa kwafin abin da ya rubuta. Bauta ce a rubuce. Amma ta ba shi albashi, da ƙungiyar makaɗa da zai gwada duk abin da ya zo masa a rai kusan shekara talatin, da fansho na gulden 1,000 a shekara bayan rasuwar Yarima Nikolaus a 1790. Da wannan kariya a bayansa ya iso Ingila a ranar farko ta 1791 tare da Johann Peter Salomon, wanda ya sayar da darare goma sha biyu a Hanover Square kan gini biyar. Ajon Haydn na Mayun 1791 ya kawo fam 350, na 4 ga Mayu 1795 ya kawo gulden 4,000. Mutumin da ya fi kowa cin ribar kasuwar Landan shi ne wanda bai dogara da ita ba. Shi ma sai da ya aika takardar neman gini 100 daga Biyana kan kiɗan da ya yi wa Yariman Wales a Carlton House, aka biya shi ta hannun kwamitin da Majalisa ta kafa domin sauke basussukan yariman.

Akwai kuma tambayar inda dukiyar ta fito, wadda bai kamata manazarci daga yankinmu na Afirka ta Yamma ya tsallake ba. Tsabar ginin da ake ƙirga farashin tikiti da ita an fara buga ta a 1663 da zinariyar gaɓar Afirka ta Yamma, wasu ma da hoton giwa a ƙarƙashin kan sarki, alamar kamfanin da ke kawo zinariyar, wanda kuma ke jigilar bayi. Duke na Chandos yana cikin manyan masu hannun jari a Royal African Company, kuma binciken David Hunter ya nuna cewa Handel kansa ya riƙe hannun jarin kamfanin a 1720, haka ma da yawa daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin opera na 1719. Ba kowane mai tikiti ne ya ci daga wannan ba. Dukiyar yawancin masu sarauta daga hayar gonaki take. Amma wani kaso na kuɗin da ya biya jariran nan masu fukafukai daga gonakin raken Karibiyan da jiragen bayi ya fito, kuma babu tikiti ɗaya da zai gaya maka haka.

A 1813 makaɗa talatin suka kafa Philharmonic Society da kansu, suka yi taron farko ranar 8 ga Maris a Argyll Rooms, Salomon na jan goge, Clementi na kan fiyano. Zaɓen kiɗa ya koma hannun masu sana'a. Duk da haka sun nemi inuwar Yarima mai riƙon ƙwarya, kuma mai son tikiti sai wani memba ya gabatar da shi. Ƙofar tana nan, masu tsaronta ne suka sauya. Tikiti mai zane kuwa ya riƙa ja da baya yayin da zauruka suka girma, bugu ya yi araha, aka fara sayar da kujera ga duk wanda ya zo da kuɗinsa.

Abin da ya rage a hannunmu

Yawancin abin da muke gani a yau albarkacin mace ɗaya ne, Sarah Sophia Banks, ƙanwar Sir Joseph Banks, wadda ta shafe rayuwarta tana tara tikitoci da katunan ziyara da tallace-tallace tana liƙa su a kundi bisa tsari. Bayan rasuwarta a 1818 tarin ya shiga Gidan Tarihin Birtaniya, abubuwa sama da 19,000. Akwai kuma tarin John Johnson a ɗakin karatu na Bodleian da ke Oxford, da tarin Gerald Coke kan Handel a gidan tarihin Foundling.

Mai amfani da waɗannan kayan sai ya yi taka-tsantsan ta fuska biyu. Ta farko, tikitin da aka miƙa a ƙofa galibi ya halaka. Wanda ya tsira sau da yawa shi ne wanda ba a je da shi ba, ko kwafin gwaji da aka buga kafin a sa rubutu, ko wanda aka sake bugawa daga tsohon faranti domin masu tarawa. Takardar da ba ta da lamba, ba sa hannu, ba kaki, tana ba da shaida kan ɗanɗanon mai tarawa fiye da daren kiɗan. Hakan kuma yana nufin kyawawan sun fi munanan tsira, har mutum ya ɗauka duk tikitin zamanin haka yake, alhali mafi yawa kati ne mai haruffa zalla. Ta biyu ita ce jabu. Tun ƙarshen ƙarni na 18 kasuwar masu tarawa ta yi ƙarfin da ya sa aka fara ƙirƙiro tikitoci ana jingina su ga Hogarth. Samuel Ireland ya sa wasu a littafinsa na 1794, masana na baya kuma suka ƙi amincewa da da yawa daga cikinsu.

Saboda haka tikiti shi kaɗai ba ya isa hujja. Sai an ajiye shi gefen tallar jaridar ranar, wadda ke ba da farashi da wuri da sharuɗɗan shiga, da wasiƙun irin na Leopold Mozart da ke faɗin abin da ya shigo, da littattafan banki, kamar asusun Handel a Bankin Ingila wanda Ellen Harris ta bi diddiginsa. Aikin da nake ganin ya fi cancanta a sa gaba shi ne a ware tikitocin da ke ɗauke da lamba da sa hannu daga sauran, a daidaita kowanne da tallarsa, domin a san darare nawa ne a cikin kaka aka ga ya dace a kira masassaƙi, kuma ajon waɗanne makaɗa ne aka yi da katin haruffa.